Sikanin ƙeyar jariri a wata na uku: yaushe za ki je, me za ki tambaya, yaya za ki karanta takardar

Aikina ɗaukar hoton ciki ne a sashen awo, kuma abin da ya fi damuna a wannan aiki shi ne makara. Akwai sikanin guda ɗaya da ake yi a farkon ciki, wanda lokacinsa kwana 21 ne kacal, daga mako 11 zuwa mako 13 da kwana 6. Mafi yawan matan da ke zuwa wurinmu kuwa sai ciki ya kai wata biyar ko shida, an ji motsi, zani ya fara ɗagewa, sannan a yanki kati. Mai cikin fari kunya ke riƙe ta a gida. Wadda ta saba haihuwa tana ganin ai ba yau farau ba. Wata kuma tsoron baki da ido take yi, ba ta so a sani sai ciki ya yi ƙwari. Ban raina ko ɗaya daga cikin dalilan nan ba, a cikinsu na tashi. Amma zuwa asibiti ba shela ba ne. Daga ke sai maigida sai ma'aikaciyar da ta duba ki, kuma wannan awon idan lokacinsa ya wuce ba a rama shi.

Awon ƙeyar jariri ne, wanda ke nuna yiwuwar larurar Down da makamantanta. A takardar likita za ki ga an rubuta shi da haruffa biyu, NT. Ki riƙe haruffan nan, don da su za ki nema.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a cikin kowace akwai wasu zare-zare masu ɗauke da gado da ake kira kuromosom. Guda 46 ne, an jera su biyu-biyu, 23 daga uwa, 23 daga uba. Wani lokaci, a wurin rabuwar ƙwan mace ko maniyyin namiji, sai guda ɗaya ya ƙaru, inda ya kamata a sami biyu a sami uku. Idan a lamba ta 21 ƙarin ya faɗa, shi ne larurar Down. Idan a ta 18 ne, larurar Edwards, a ta 13 kuma larurar Patau. Yaro mai larurar Down yana rayuwa, yana tafiya, yana magana, yana zuwa makaranta, sai dai komai nasa a hankali yake zuwa, kuma kusan rabinsu ana haifarsu da matsalar zuciya. Inda ake samun kulawa sosai, da yawansu suna kaiwa shekara 60. Edwards da Patau sun fi tsanani ƙwarai: da yawa cikin ba ya kaiwa haihuwa, waɗanda aka haifa da rai kuma kaɗan ne ke cika shekara guda.

Tun a 1866 likitan Ingila John Langdon Down, wanda larurar ke ɗauke da sunansa, ya lura cewa fatar waɗannan yara kamar ta yi wa jikinsu yawa. Sai a 1959 aka gano a Paris cewa ƙarin kuromosom ne sanadi. A 1992 kuma Farfesa Kypros Nicolaides da abokan aikinsa a asibitin King's College da ke Landan suka nuna cewa ana iya hango alamar tun jariri yana wata uku a ciki. Kowane ɗan tayi a wannan lokaci yana da ɗan ruwa da ke kwance ƙarƙashin fatar ƙeyarsa, wanda ke fitowa a allo kamar baƙin layi siriri. Masu larurar kuromosom, da masu matsalar zuciya, nasu yakan fi kauri. Kaurin wannan layi muke aunawa, da milimita. Bayan mako 14 ruwan yakan tsotse, ko da larurar tana nan, jaririn kuma ya fara miƙewa a cikin mahaifa ta yadda hoton ba ya fita daidai. Dalilin gajartar lokacin ke nan.

Yadda za ki lissafa ranar zuwa

Ba daga ranar da kike zaton cikin ya shiga ake ƙirgawa ba. Ana farawa ne daga ranar farko ta jinin al'adarki na ƙarshe. Misali, idan kin fara ganin jini ranar 1 ga Janairu, mako 11 zai cika ranar 19 ga Maris, ƙofa kuma ta rufe ranar 8 ga Afrilu. A lissafinmu na mata, wannan ya yi daidai da lokacin da kika yi ɓatan wata na uku. Don haka da zarar kin yi ɓatan wata na farko kin gwada fitsari ya nuna, ki rubuta ranar jininki na ƙarshe a waya ko a bangon littafi, sannan ki yanki katin awo kafin na biyu ya wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce zuwan farko ya kasance cikin mako 12 na farko. Idan da watan Musulunci kike lissafi, ki faɗa mana haka nan, "biyar ga watan Azumi" ko "sati ɗaya bayan Babbar Sallah", za mu mayar da shi.

Akwai matan da lissafin nan ba zai yi musu aiki ba, kuma suna da yawa a wurinmu: wadda ta yi rurrutsa, ciki ya shiga tana goyo ba ta ga jini ba tun haihuwa, wadda ta daina allurar tazarar haihuwa al'adarta ba ta daidaita ba, wadda dama watanta ba ya tsayawa wuri guda. Idan kina cikinsu, kada ki tsaya canki-canki. Ki je a yi miki sikanin na tantance kwanakin ciki da zarar kin gane. A wannan mataki tsawon jariri, daga tsakar kai zuwa mazaunai, shi ne ke faɗin gaskiyar kwanakinsa, kuma ya fi kowane lissafin baki daidai. A takarda ana rubuta shi CRL. Awon ƙeya yana yiwuwa ne kawai idan wannan tsawo yana tsakanin milimita 45 da 84. Idan bai kai ba, za a ba ki ranar dawowa. Ki dawo a ranar, kada ki bari sai kin gama hidimar biki.

Kafin ki kwanta a gadon sikanin

Wannan awo ba dole ba ne, kuma ina so ki yanke shawara da idonki a buɗe. Ki zauna da maigida tun a gida ku tambayi kanku: idan aka ce akwai alama, za mu so a zurfafa bincike? Muna da halin yinsa? Wata takan ce, "Ni duk abin da Allah ya ba ni ina so, kada a ɗaga min hankali wata shida." Wannan magana ce mai nauyi kuma ina girmama ta. Ko ita ma ina ba ta shawarar ta yi sikanin wata uku, don a san kwanakin ciki, a ga bugun zuciya, a san ɗaya ne ko tagwaye, sai a bar lissafin larurar.

Ni dai ra'ayina sani ya fi, musamman ga wadda ta haura shekara 35, da wadda ta taɓa haihuwar yaro mai irin wannan larura. Ba maganar zubar da ciki nake yi ba. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ba ta halatta hakan ba sai don ceton ran uwa, hukuncin addini kuma na malamai ne, ki kai musu tambayarki. Amfanin da nake gani da idona shi ne na shiri. Jaririn da aka san yana iya zuwa da huji a zuciya ko toshewar hanji, ba a gida ya kamata a haife shi ba, ba kuma a ƙaramin asibitin unguwa ba. A haife shi inda akwai likitan jarirai da iskar oksijin. Uwar da ta sani tun da wuri tana da watanni na tambaya, na kuka idan kukan ya zo, na addu'a, na tanadin kuɗi. Wadda aka faɗa wa a ɗakin haihuwa, jiki duk ciwo, dangi cike da baranda, ita ce nake tausaya wa.

Wasu kan ce mini wannan leƙen gaibu ne. Abin da nake aunawa abu ne da ya riga ya kasance, yana kwance a gabana a allo, daidai da yadda ake auna hawan jini ko a saurari bugun zuciya. Abin da yaron zai zama, da tsawon kwanansa, da arzikinsa, babu na'urar da ta san su.

Ba kowane shagon sikanin ne ke wannan aiki ba

A nan ne ake yawan cutar mata. A biranenmu kusan kowane layi akwai wurin da aka rataya allon sikanin, kuma da yawansu suna iya nuna miki jariri yana motsi su ba ki hoto. Awon ƙeya wani abu ne daban. Bambancin da ke tsakanin sakamako mai kwantar da hankali da mai tayar da shi bai kai kaurin farce ba, don haka yana bukatar na'ura mai kyau da hannun da aka horar musamman. Ki fara tambaya a sashen mata na asibitin koyarwa mafi kusa da ke, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ki ce kina neman likitan da ya ƙware a kan lafiyar uwa da ɗan tayi. Idan a can ba a yi, su ne za su san inda ake yi da gaske.

Duk inda kika je, ki yi tambaya ba tare da jin nauyi ba. Wanda zai yi awon an horar da shi a kan NT? Akwai gidauniya a Landan mai suna Fetal Medicine Foundation da ke ba da shaidar ƙwarewa a kan wannan awo, tana kuma bin diddigin hotunan masu riƙe da ita. Wanda yake da ita ba zai ji haushin tambayarki ba. Sannan, za a ba ki kaurin ƙeya kawai ne, ko za a lissafa miki adadin yiwuwar larurar da manhajar kwamfuta? Ana haɗawa da gwajin jini? Kuma idan sakamako ya fito da damuwa, wa zai zauna ya yi miki bayani, ina za a tura ki? Wurin da ba shi da amsar wannan tambaya ta ƙarshe, ki nemi wani. Idan kin fi son mace ta duba ki, ki faɗa tun lokacin karɓar rana, ba sai kin shiga ɗaki ba.

Ranar awon ba a hana ki cin abinci. Ki sa riga da zani ko siket, abin da za a iya buɗe mara ba tare da kin tuɓe ba. Wasu wuraren za su ce ki sha ruwa ki ɗan riƙe fitsari, don mafitsara ta ɗago mahaifa. Ki tambaya tun kafin ranar. Ki zo da katin awo da duk wani hoton da aka taɓa yi miki a wannan cikin. Za ki kwanta rigingine, a shafa miki man na'ura mai sanyi a mara, a riƙa zagayawa da kan na'urar. Da sauti take aiki, irin wanda kunne ba ya ji, ba hasken eksire ba ne, kuma ba ya cutar da jariri. Idan mahaifa ta kwanta baya, ko jikin mace yana da kauri, akan nemi izini a duba ta gaba da siririn kan na'ura. Wannan ma ba ya jawo ɓari.

Ki shirya zama na minti 20 zuwa 30, wani lokaci fiye. Dole jariri ya kwanta a gicciye, a ga gefen fuskarsa da hancinsa, wuyansa ba a tanƙware ba, ba a ɗage ba, domin ɗagewa na ƙara wa awon kauri, tanƙwarewa na rage shi. Sai a faɗaɗa hoton har kai da ƙirji su cika allo, a bambance fatar ƙeya da tantanin da ke lulluɓe da shi, a auna fiye da sau ɗaya, a ɗauki mafi girma. Jariri kuwa ba ya jin umarni. Idan ya kife ko ya juya baya, za mu ce ki yi tari, ko ki juya gefe, ko ki fita ki ɗan zagaya ki dawo. Idan kin ga na yi shiru ina kallon allo, aiki nake yi, kada zuciyarki ta tsinke. Wanda ya gama miki awon ƙeya cikin minti uku shi ya kamata ki yi shakka a kansa.

A wannan zama ɗaya muna duba wasu abubuwa. Muna ganin ko ƙoƙon kai ya rufe, ko cikin jariri ya haɗe, hannaye da ƙafafu, mafitsararsa, bugun zuciyarsa. Idan tagwaye ne, yanzu ne lokaci mafi kyau na gane ko mabiyiya ɗaya suke ci ko kowa da tasa, kuma wannan babban abu ne, don masu mabiyiya ɗaya sai an riƙa duba su duk mako biyu daga mako 16. Muna duba ƙashin hanci ma, saboda yawancin masu larurar Down ba ya fitowa a wannan lokaci. Sai dai ki sani, rashin ganin ƙashin hanci ya fi yawa a lafiyayyun jariran baƙar fata fiye da na Turawa, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne, kada wani ya tsorata ki da shi. Tambayar da iyayen gida suka fi yi, "Sista, mace ce ko namiji?", a bar ta sai wata biyar. A mako 12 amsar tana iya zama kuskure.

Jinin da ake haɗawa da shi ana ɗibarsa daga hannunki, a wannan rana ko 'yan kwanaki kafin ta. Ana auna sinadarai biyu da mabiyiya ke fitarwa, PAPP-A da hCG. A larurar Down na farkon yakan yi ƙasa, na biyun ya yi sama. Awon ƙeya da shekarun uwa kaɗai suna gano kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na masu larurar Down. Idan aka haɗa da jini, yakan kai 85 zuwa 90. Idan inda kike babu gwajin jinin, awon ƙeyar ma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Za a cike miki fom, kuma ina roƙonki ki faɗi gaskiya a cikinsa, musamman shekaru. Da yawanmu muna da shekarun takarda da shekarun gaskiya. Kwamfutar da shekarun da aka ba ta take fara lissafi, kuma tazarar ba ƙarama ba ce: mai shekara 20 yiwuwar ta haifi yaro mai larurar Down kusan 1 cikin 1,500 ne, mai 30 kusan 1 cikin 900, mai 35 kusan 1 cikin 350, mai 40 kusan 1 cikin 100, mai 45 kuwa kusan 1 cikin 30. Idan kina 41 kika ce 34, kin ɓata sakamakon da kika biya kuɗi a kansa. Idan ba ki san takamaiman shekarar ba, ki faɗi haka, a yi ƙiyasi da shekarar aurenki da shekarun ɗanki na fari. Ki bari a auna nauyinki a ranar. Ki faɗa idan kina da ciwon suga, ko kina shan taba ko shisha, ko cikin ta hanyar IVF aka same shi, wato dashen ƙwai a asibiti, ko kin taɓa ɗaukar ciki mai irin wannan larura. Ki kuma tabbata an rubuta ke baƙar fata ce, domin PAPP-A ɗinmu ya fi na Turawa yawa a halitta, idan ba a gyara lissafin ba sai ya ɓoye abin da ake nema.

Kada mai ƙuruciya ta ga waɗannan alƙaluma ta ce ba ruwanta. Mafi yawan yara masu larurar Down matan da ba su kai 35 ba ne ke haifarsu, saboda su suka fi yawan haihuwa.

Karanta takardar

Sakamakon ba ya cewa "akwai" ko "babu". Adadin yiwuwa yake bayarwa, kamar 1:50 ko 1:2,000. Haɗuwar hadari ba saukar ruwa ba ce, kuma wannan takarda hadari kawai take nunawa. Idan an rubuta 1:2,000, ma'anarsa a tara mata 2,000 masu sakamako irin naki, ɗaya ce jaririnta zai kasance da larurar. Babbar lamba ita ce mai kwantar da hankali. Na sha ganin mace ta shigo hankali a tashe da 1:5,000 a hannu, tana zaton yawan lambar yawan ciwo ne. Sau da yawa za ki ga lamba biyu, ta farko ta shekarunki kaɗai, ta biyu bayan an haɗa da awo da jini. Ta biyun ce taki.

A Ingila iyakar da suke amfani da ita 1:150 ce. Daga nan zuwa ƙasa, kamar 1:100 ko 1:20, ana kiransa yiwuwa mai yawa. Wasu wuraren suna sa 1:250 ko 1:300. Ki tambayi wadda aka yi miki aiki da ita. To amma ki tsaya ki dubi 1:100 da kyau: cikin mata 100, 99 jariransu ba su da larurar. Ko 1:10 ne, tara cikin goma lafiya lau. Mafi yawan matan da ake kira a ce musu sakamakonsu ya hau, lafiyayyun yara suke haifa. Haka kuma a ɗaya gefen, ƙaramar yiwuwa ba ta nufin sifili, akwai kaɗan da ke kuɓuce wa awon.

Shi kansa kaurin ƙeyar, yawancin jarirai nasu yana tsakanin milimita 1 da 2 da 'yan kai, yana ɗan ƙaruwa da girman jariri. Daga 3.5 zuwa sama ana ɗaukarsa da muhimmanci ko me jini ya nuna. Tsakanin 3.5 da 4.4, kusan ɗaya cikin biyar ne ke da larurar kuromosom, kuma kusan bakwai cikin goma ana haifarsu lafiya. Iya kauri iya damuwa: idan ya kai 6.5 ko fiye, kusan biyu cikin uku suna da larurar. Kuma ko bincike ya nuna kuromosom 46 cif, jaririn da ƙeyarsa ta yi kauri sai ƙwararre ya duba zuciyarsa da kyau wajen mako 18 zuwa 22.

Abu guda da wannan awo ba ya gani sam shi ne sikila. Ita matsalarta a cikin ƙwayar gado guda ɗaya take, ba a yawan kuromosom ba. Idan ke da maigida duk AS ne, sikanin mai kyau bai ce komai a kan wannan ba. Ki faɗa wa likita daban.

Idan sakamako ya hau

Kada ki fara zagayen shagunan sikanin kina neman wanda zai faɗa miki daɗin baki. Kwana biyu ko uku na canza awon, hannu ma ya bambanta, kuma ƙaramin kauri daga wanda bai iya ba ba ya soke babban kauri daga wanda ya iya. Ki koma wurin likitan mata da takardarki, tare da maigida. Hanya uku ce a gabanki.

Kina iya tsayawa nan, ki jira babban sikanin wata biyar, a tsara haihuwa a babban asibiti. Wannan zaɓi ne mai mutunci.

Kina iya yin gwajin jini na zamani da ake kira NIPT. A 1997 Farfesa Dennis Lo ya gano cewa akwai ɓurɓushin gadon ɗan tayi da ke yawo a jinin uwa, kuma daga 2011 aka fara amfani da wannan a asibitoci. Ana yinsa daga mako 10, jini kawai ake ɗiba daga hannu, babu haɗarin ɓari, kuma yana gano fiye da 99 cikin 100 na masu larurar Down. Yana da tsada, wasu ɗakunan gwajin ma waje suke aika jinin, don haka ki tambayi kwana nawa zai ɗauka. Duk da ƙarfinsa shi ma tacewa ne, ba hukunci ba, saboda ɓurɓushin daga mabiyiya yake fitowa, kuma wani lokaci mabiyiya takan bambanta da jariri. Idan ya ce akwai, sai an tabbatar. Idan kuma ƙeya ta kai 3.5 ko fiye, likitoci sukan fi son a wuce kai tsaye zuwa gwajin tabbatarwa, domin akwai larurorin da NIPT ba ya dubawa.

Gwajin tabbatarwa iri biyu ne, duka da siririyar allura ta fatar ciki, ana kallo a allo. Daga mako 11 zuwa 14 ana tsinko ɗan ƙanƙanin yanki na mabiyiya, shi ne CVS. Daga mako 15 kuma ana zuƙo ɗan ruwan da jariri ke kwance a ciki. Waɗannan su ke ƙirga kuromosom su ba da amsa, kuma da samfurin nan ana iya duba sikila. Suna da ɗan haɗarin ɓari, wanda a hannun ƙwararre bai wuce 1 cikin 200 ba. Kafin a yi, a san rukunin jininki, don idan mai alamar negetif ne za a yi miki allurar anti-D, mai hana jikinki yaƙar jinin jariri; a kuma san matsayinki game da HIV da ciwon hanta. Bayan an yi ki huta kwana ɗaya ko biyu, idan kin ga jini, ko ruwa na zuba, ko zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ki koma asibiti nan take.

Maigida, wannan taka ce. Idan amsar ta zo da larura, za a fara maganganu a gida, kai ne za ka tare su. Ba abin da ta ci ba ne, ba aikin da ta yi ba ne, ba fitar magariba ba ce, ba sammu ba ne, ba musanyar aljanu ba ce. Abin ya riga ya faru tun ranar da cikin ya shiga. Auren zumunci ma ba shi ke kawo larurar Down ba, ko da yake yana da nasa larurorin na gado. Kusan 95 cikin 100 haka nan yake faruwa ba tare da an gado shi ba. Kashi 3 zuwa 4 ne kawai ke zuwa ta wani sauyin kuromosom da ɗaya daga cikin iyaye zai iya ɗauke da shi bai sani ba, shi ma gwajin jinin ku biyu ne zai nuna. Ka raka ta wurin likita, ka ji da kunnenka, kai ka yi wa Hajiya bayani, kada ka bar mata wannan nauyi.

Idan kina karanta wannan cikinki ya riga ya wuce mako 14, ki bar maganar awon ƙeya, duk wanda ya ce zai yi miki shi yanzu kuɗinki kawai zai karɓa. Akwai gwajin jini mai auna sinadarai huɗu da ake yi wajen mako 15 zuwa 20, yana gano kusan 80 cikin 100 na masu larurar Down. NIPT ma yana nan, ba ya rufewa da mako 14. Sannan kada ki bari babban sikanin mako 18 zuwa 22 ya wuce ki, inda ake bin jariri gaɓa-gaɓa, ƙwaƙwalwa, ƙashin baya, zuciya, ƙoda, leɓe.

Wadda kuma aka tabbatar mata jaririnta yana da larurar Down, ta sa likita ya rubuta a katin awonta a fili, ta haihu a asibitin da ke da sashen jarirai. A yi masa hoton zuciya cikin makonnin farko ko da ya yi kama da lafiyayye, don wasu matsalolin ba sa nuna kansu da wuri. A gwada jininsa don aikin ƙwayar tayirod ta maƙogwaro, a gwada jinsa da ganinsa. Jikinsu yakan zo da laushi, kama nono ya yi musu wuya da farko, saboda haka ki nemi ma'aikaciyar jinya ta zauna da ke ta nuna miki riƙon da zai taimaka masa kafin a sallame ku. Akwai gidauniyar Down Syndrome Foundation Nigeria a Legas, wadda Rose Mordi ta kafa a 2001, kuma likitan yara zai iya haɗa ki da sashen gashin ƙashi da motsa jiki na asibitinku don a fara masa atisaye tun yana watannin farko.